Yatsan Injiniya

Mijina mutum ne mai taurin kai, kuma a gaban idonsa nake faɗa, saboda haka ba gulma ba ce. Duk layin masu gyara Injiniya suke ce masa, ni ma haka nake kiransa, musamman in ina jin tsokana. Shi kuma Manaja yake ce mini, wai tun da ya aure ni bai sake yanke shawara shi kaɗai ba. Ƙarya yake yi. Da yana jin maganata da ba mu kai inda muka kai ba.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, da laftof ta shigo gari ya bi ta. Ba irin masu gyaran nan ba ne da in kwamfuta ta ƙi tashi sai su ce maka bod ya mutu, je ka sayo sabo. Bod shi ne faffaɗan farantin da ke cikin laftof, wanda aka jera wa ƙananan kaya kamar an watsa ƙwayar shinkafa. Injiniya sai ya bi layin wuta a kan farantin nan har ya kamo ƙwaya ɗaya da ta lalace, ya cire ta, ya dasa wata. Kuma abin alfaharinsa duk duniya shi ne ɗan yatsansa manuni na hannun dama. Zai ɗan ba bod wuta kaɗan, ya bi shi da yatsa yana shafawa, inda ya ji ɗumi nan ɓarawon yake. Samarin layin sun sayi wata kyamara mai nuna zafi, wasu kuma suna ɗiga sifirit su ga inda zai fara bushewa. Shi kuwa dariya yake musu, yana cewa wannan aikin marasa hannu ne.

Tun da likita ya ce Injiniya na da ciwon suga, babban ɗanmu, wanda muke kira Akawu saboda aikinsa, ya sa shi gaba a kan ya rufe shago ya zauna a gida ya huta. Yaron da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma bai san ubansa kamar yadda na san shi ba. Mutumin da in ranar hutu ta zo sai ya kwance mini dutsen guga mai lafiyarsa don kawai ya ga cikinsa, shi za a zaunar a gida? Ai cikin wata guda sai dai a zo a yi mini jaje, ko nasa ko nawa. Wata rana gardama ta yi zafi a tsakar gida, Injiniya ya buga hannu a cinya ya ce, "Ranar da laftof ta gagare ni, ni da kaina zan sa wa shagon kwaɗo in miƙa maka makulli." Akawu ya ce ya ji, kuma ya sa ni shaida.

Ba a daɗe ba laftof ɗin matar Akawu ta mutu. Malamar makaranta ce, yarinya mai kunya, da hannu biyu ta miƙa wa surukinta ita tana cewa, "Baba, ko fitilar caja ba ta kamawa." Ya karɓa yana murmushi, ya ce gobe ta aiko a ɗauka. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Ya daina hira a gida. In na tambaye shi sai ya ce kayan zamani ne ba su da albarka. Da Akawu ya bugo waya ya ce zai biyo ta shagon bayan an tashi aiki ya karɓa, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba, sai na ga Injiniya ya fita bai ko taɓa shayinsa ba. Raina bai kwanta ba. Da rana na zuba abinci a kwano na bi shi.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo, ƙofarsa na kallon titi, bayansa kuma duhu-duhu in ba a kunna fitilar tebur ba. Warin dalma da ya kama bangon ko fenti ba ya fitar da shi. Na same shi ya duƙa a kan tebur, tabarau a saman hanci, bod ɗin surukarmu a shimfiɗe gabansa tsirara, murfin laftof ɗin da batir da ƙananan sukurorinta a cikin wani murfin gwangwani a gefe.

"Manaja, lafiya? Wa ya aiko ki?"

"Yunwarka ce ta aiko ni. Matsa mini."

Na ture wani kwali na zauna a kan benci kusa da shi. Bai kalli kwanon ba. Na ce ya gaya mini abin da ke damun laftof ɗin. Ya ce me zan gane. Na ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, shekara nawa ina jin zancen bolt da kafasita har a kan tabarmar cin abinci? Sai ya ɗan saki fuska, don babu abin da yake so kamar a ce ya yi bayani.

Ya jona caja a bango, ƙaramar fitilarta ta kama. Da ya soka bakinta a bod, fitilar ta mutu nan take.

"Kin gani? Caja ce take kare kanta. Ta ji wuta na zubewa a banza, sai ta janye."

Ya zare cajar, ya ɗauko mita, ya ɗora tsinke ɗaya a kan wani zoben ƙarfe a gefen bod, ɗayan kuma a kan layin da wutar caja ke shigowa. Mitar ta saki ƙara, tiii, ba ta tsaya ba sai da ya ɗaga hannu.

"Shot ke nan. Babban layi ya haɗe da ƙasa, wato zoben nan da na taɓa, alhali bai kamata su gaisa ba. Wannan layin kuwa shi ke zagaya bod gaba ɗaya, yana kai wuta ko'ina. Duk waɗannan 'yan ƙwayoyin masu ruwan ƙasa da kike gani, kafasita ne, a kan layin suke zaune. Ɗaya daga cikinsu ta fashe ta ciki ta zama gada. Mita ba za ta gaya miki wacce ba ce, don duk wadda kika taɓa kuka za ta yi, tunda layinsu ɗaya."

"Kamar gidan da yaro ɗaya ya fasa tulu, kowa na rantsuwa."

"Haka fa. Shi ya sa ake ba su wuta, mai laifin ta yi zafi ta tona kanta."

Ya riga ya liƙa wata siririyar waya da dalma a kan layin, ɗaya bakin kuma yana jikin wani akwatin ƙarfe mai lambobi ja, wanda ke ba da wuta gwargwadon yadda aka murɗa shi. Akwatin yana da mamurɗi biyu. Na san na hagu, don na sha jin huɗuba a kansa: shi ne na bolt, wato ƙarfin wutar, kuma dokar Injiniya ita ce ba a wuce ɗaya. Dalilinsa, wani lokaci ba kafasita ba ce ta mutu, wata 'yar ƙofa ce da ke tsare ƙwaƙwalwar laftof ta maƙale a buɗe, in ka cika wuta sai ta zarce kai tsaye ta soya ƙwaƙwalwar, shi ke nan sai addu'a. Na dama kuma shi ke ƙara yawan wutar da ke kwarara, wato shi ke ƙara zafi. Na lura ya murɗe na daman har ya kusa ƙurewa.

Ya kunna. Lambobin suka yi tsalle suka tsaya. Ya ɗora yatsa ya fara bin bod ɗin, daga bakin caja, ya gangara gefen batir, ya zagaya kusa da fanka, ya juya shi ya bi bayansa. Ya sake dawowa farko. Ina kallon fuskarsa, shi kuma yana kallon bango, kamar yadda ya saba in yana sauraren yatsansa.

"Sanyi ƙalau," ya ce. "Ga wuta tana gudu, inji na nunawa, amma ko'ina sanyi. Wannan bod maƙaryaci ne."

Ya yi tsaki, sai na ga hannunsa ya tafi wajen mamurɗin hagu.

"Kai, Injiniya! Ba kai ka ce ba a wuce ɗaya ba?"

"Kaɗan zan ƙara."

"Laftof ɗin yarinyar mutane za ka soya?"

Na cafke hannun kafin ya kai. Ya yi ƙoƙarin fizgewa, ni kuwa in na riƙe abu na riƙe. A cikin wannan ja-in-ja tafin hannunsa ya juyo ƙarƙashin fitila, na ga kan yatsan. Wata 'yar ƙuna ce fara a tsakiyarsa, sabuwa fil, ta fara tara ruwa. A gefensa akwai wasu biyu da suka bushe suka yi baƙi, ƙanana, masu kusurwa, daidai girman ƙwayoyin da ke kan bod.

Na kashe akwatin da ɗaya hannun, don na ga inda yake dannawa.

"Mene ne wannan?"

Ya kalli yatsan kamar na wani ne aka nuna masa. Na danna wurin da babban yatsana, da ƙarfi, irin dannar da za ta sa ƙato ya yi ihu. Ko gezau bai yi ba.

"Tun yaushe?"

A waje wani mai babur yana ta faɗa da mai mota, muna jin su har suka gaji.

"An ɗan jima," ya ce. "Da ƙafa ya fara, kamar ina taka auduga. Sannan ya hau hannu."

Haushi da tausayi suka taso mini lokaci guda, na rasa wanda zan fara saki. Haushin ya riga fita, kamar kullum. Na ce masa ashe duk kwanakin nan ya samo mai laifin sau ba adadi, har ta sa masa hannu ta bar masa shaida, shi yana nan yana zagin bod. Na ce wanzami ba ya son jarfa, mutumin da ke gano ciwon ƙarfe ya zauna da nasa yana ɓoyewa matarsa. Na ce da ƙafar ce ta taka ƙusa fa, haka zai yi ta yawo da ita? Ya bar ni na zazzage. Da na tsaya shan numfashi sai na ga ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, alhali babu komai a jikinsa.

"To ga sifirit can a kan kanta," na ce, murya ta sauka. "Ba sai ka ɗiga ba? Wa zai gan ka?"

"Ni zan gan ni." Ya mayar da tabarau. "Manaja, muddin ban ɗiga ba, ina iya cewa bod ne ke ƙarya. In na ɗiga ya tafasa a wurin da yatsana ya bi sau goma, me kuma zan gaya wa kaina? Sai in ɗauki makulli in kai wa yaron nan."

Wannan maganar ta shige ni. Na tuna shi yana saurayi, da rediyo a hammata, yana zuwa ƙofar gidanmu wai ya zo gwada wa mahaifina gyara, alhali rediyon lafiyarsa lau. Ina son mutumin nan, da taurin kansa da komai, kuma ban shirya ganin sa a kujerar tsakar gida yana ƙirga kaji ba.

Na naɗe hannun rigata. "Kunna."

"Me za ki yi?"

"Ai ba yatsa ɗaya Allah Ya ba gidanmu ba. Nuna mini inda zan bi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya fasa. Abin da ya fara yi shi ne ya kai hannu ga mamurɗin dama ya mayar da shi baya sosai, har lambobin da za su fito suka zama rabin na ɗazu. Sannan ya sa na cire zobena da awarwaro, ya ce ƙarfe ba ya kusantar bod mai wuta. Ya kama yatsana manuni ya duba, ya girgiza kai.

"Wannan ai ya fi nawa mutuwa. Mutumin da ke sauke tukunya ba tsumma? Kawo ƙaramin."

"Tukunyar da kake cinye abin cikinta kana lashe cokali?"

"Ita fa. Kawo ƙaramin, shi bai sha wahala ba."

Ya riƙe wuyan hannuna, ya kunna, ya fara jan ɗan ƙaramin yatsana a kan bod a hankali. Ƙwayoyin suna da kaifi-kaifi a fata. Yana tafe yana gaya mini unguwannin da muke ratsawa: nan ƙofar shigowa ce, nan ake cajin batir, nan ake rage wuta a raba wa ƙananan ma'aikata. Ya ce kada in danna, in dai shafa, kuma in daina kallo, ido yana ruɗa yatsa. Na rufe ido. Sanyi, sanyi, sanyi. Muka juya bod muka bi bayansa. Kusa da inda fanka ke zama na ji kamar wurin ya ɗan canza.

"Tsaya. Nan da ɗumi-ɗumi."

"Ɗumi na bazuwa, maƙwabta ne. Bi shi inda ya fi."

Ya sassauta riƙon ya bar ni ina lalube da kaina. Na matsa dama, ya ragu. Na dawo hagu, na ɗan hau sama.

"Wayyo Allah!" Na fizge hannu na kai baki. "Wannan 'yar banzar ce, ta tsakiyar ukun nan!"

Ya kashe wuta, ya kamo yatsana ya duba ko ya tashi, ya ga ja kawai ya yi. Sai da ya tabbatar sannan ya jawo madubinsa mai ƙara girma ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya matsa ya ce in leƙa. A cikin madubin ƙwayar ta zama kamar bulo, ga wata siririyar tsaga ta ratsa gefenta.

Daga nan kuma aikin ya koma hannun mai shi, ni na zama 'yar kallo. Ya shafa man dalma a wurin, ya rufe maƙwabtan da wani tef mai ruwan zuma don kada zafi ya taɓa su, ya ɗauko bulowa mai hura iska mai zafi a hagu, hantsaki a dama. Hannun nan da ba ya jin zafi ko rawa bai yi ba. Dalmar ta yi ƙyalli, ya ɗaga ƙwayar cak ya ajiye a kan farar takarda. Ya bar bod ya huce, ya ɗora tsinkayen mita a inda ya ɗora ɗazu. Ta yi 'yar ƙara sau ɗaya ta yi shiru.

"Ji," ya ce. "Kin ji yadda ta yi shiru?"

Ya jawo wani mataccen bod daga ƙarƙashin tebur, irin waɗanda yake tarawa ni kuma nake cewa shara ne, ya nemo kafasita mai girma ɗaya daga irin layin, ya auna ta, ya dasa a gurbin. Ya cire siririyar wayarsa, ya goge wurin, ya mayar da bod cikin gidansa, ya jona allon da fanka. Da ya soka caja, fitilar ta tsaya da kamawarta. Ya dube ni, ya nuna mini maɓallin da haɓa. Na danna. Fanka ta juya, allon ya yi haske, hoton jikanmu ya fito da bakinsa duk madara.

Na yi guɗa a shagon mutane, har mai gyaran waya na kusa ya leƙo. Injiniya ya ce masa ba komai, Manaja ce ta ci jarrabawa. Sai a lokacin ya jawo kwanon abinci ya buɗe.

Yana ɗaure sukurori na ƙarshe Akawu ya yi sallama, da jakar ofis a kafaɗa. Ya ga laftof na aiki, ya gan ni zaune hannun riga a naɗe, ya yi dariya.

"Baba, ka sha da ƙyar ke nan. Makulli ya tsira."

Na ƙudura ba ni zan tona ba. In ya so ya bar maganar a haka, zan rufa masa asiri a gaban ɗansa, mu ƙarasa faɗanmu a gida. Injiniya ya ajiye sukundireba, ya zaro makullin shagon daga aljihu ya ɗora a kan tebur, ya miƙa wa yaron yatsansa.

"Duba nan. Ni na gyara, amma uwarka ce ta gano. Hannuna ya daina jin zafi. Na yi maka alkawari, ranar wanka kuma ba a ɓoye cibi. Ga makulli, ka yi hukunci."

Akawu ya riƙe yatsan yana kallo, dariyar ta ɓace. Ya kalli makullin, ya kalli laftof ɗin matarsa, ya kalle ni. Na harare shi irin hararar da ya sani tun yana rarrafe.

"Baba, cewa ka yi ranar da ta gagare ka. Ga ta tana aiki." Ya tura makullin ya koma gaban ubansa. "Amma gobe da safe zan zo in kai ka asibiti, ba gardama. Kuma zan kawo kyamarar nan, ba za ka ƙara sa hannu a kan wuta ba."

"Kyamara ta marasa hannu ce," in ji Injiniya, don bakin ya saba. Sai ya tsaya, ya ɗan yi murmushi. "To, ai na shiga layinsu. Kawo. Kafin ta zo ina da Manaja."

"Da albashi," na ce.

Yaron ya rungumi laftof ya fita da sauri, ina jin don kada mu ga idonsa. Na aika mai gyaran waya ya karɓo mini man ƙuna da filasta a kemis ɗin tsallake. Na jawo hannun Injiniya na ɗora a cinyata, na wanke yatsan, na fara shafa man a hankali, ina hurawa kamar yadda nake yi wa yara suna ƙanana. Na manta, bakina ya riga ni.

"Da zafi?"

Ya daɗe yana kallon hannuna a kan nasa.

"Ina ma a ce da zafin," ya ce. "Amma ci gaba da hurawa, ina gani."